Tsohuwar Tarakta Ba Gawa Ba Ce: Sharhi Kan Kuloci, Giya Da Neman Kayan Gyara

Manoma, direbobin tarakta, makanikai da yaran gareji, ku matso kusa da akwatin rediyo, yau zancen naku ne.

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai neman tarakta ya tashi. Manomi ya biya kuɗin haro tun da wuri ya shiga layi, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, amma layi bai zo kansa ba. Kafin tarakta ta iso gonarsa ciyawa ta riga shi, shuka ta makara. A daidai wannan lokaci kuma, in ka leƙa harabar sashen gona na ƙananan hukumomi, ko bayan gidajen manyan manoma, ko gefen gareji, za ka tarar da taraktoci a jibge, tayoyi sun sace, fenti ya koɗe, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Ka tambayi abin da ya kwantar da su, amsar kusan ɗaya ce a ko'ina: giya ce ta lalace, kuma babu kayanta.

Wannan magana ta "babu kayanta" ita nake so mu ɗora a ma'auni yau. Ra'ayina shi ne, yawancin waɗannan motocin noma ba tsufa ne ya kashe su ba. Abu biyu ne suka kashe su: an kwance su kafin a gano ciwon, sannan an tafi kasuwa ba a san ainihin abin da ake nema ba. Idan muka gyara waɗannan biyun, taraktoci masu yawa da muka yi wa jana'iza za su koma gona.

Mu fara da asalinsu. Jar taraktar nan da kowa ya sani, Massey Ferguson, tushenta wani injiniya ne ɗan Arewacin Ailan mai suna Harry Ferguson. Shi ya ƙirƙiro hannuwan nan uku da ke riƙe garma a bayan tarakta, mai ya ɗaga ta, mai ya sauke ta, tsarin da kusan duk taraktocin duniya ke bi har gobe. Daga 1946 zuwa 1956 an ƙera ƙaramar taraktarsa mai ruwan toka, TE20, sama da guda rabin miliyan a birnin Coventry na Ingila. Guda uku daga cikinsu ne ayarin Edmund Hillary ya tuƙa a kan ƙanƙara har ƙuryar kudancin duniya a watan Janairun 1958. A 1953 kamfanin Ferguson ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, a 1959 suka sayi kamfanin injin Perkins, a 1964 kuma suka fito da lamba 135 da 165. Tsofaffin direbobi ba sa manta 135, mai injin dizal na silinda uku, mai shan mai kaɗan da aiki tuƙuru.

Mu a nan, taraktoci sun shigo da yawa a shekarun kuɗin man fetur: shirin ciyar da ƙasa na 1976, da hukumomin raya koguna, da shirin juyin noma na zamanin Shehu Shagari. A Bauci aka kafa masana'antar haɗa Steyr ta ƙasar Ostiriya, a Kano ana haɗa Fiat. Daga 1986, da aka karya darajar naira, sayen sabuwa da sayo kayan gyara daga waje suka fara gagarar mutane. Tun daga nan muke rayuwa da tsofaffi. Bambancinmu da Turawa ke nan. A Ingila da Amurka, mai tsohuwar tarakta yakan gyara ta ne don sha'awa, ya goge ta, ya kai ta wurin baje koli. Mu kuwa da ita muke neman abin sa wa a baka. Saboda haka mu muka fi kowa buƙatar sanin cikinta.

To, yaya ƙarfin inji ke kaiwa ga taya? Inji ya juya, ya miƙa wa kuloci. Kuloci ya miƙa wa giya. Giya ta miƙa wa wata gajeriyar sanda da ke shiga aksul ɗin baya, inda ƙaramin haƙori, finiyan, ke juya babban faifai mai haƙora, kirawun. Daga nan difarenshiyal ya raba ƙarfin zuwa tayoyi biyu. Zango huɗu ke nan, kuma kowane zango da irin kukansa. Likitan kirki ba ya ɗaukar wuƙa sai ya saurari mara lafiya, haka makanike na ƙwarai ba ya ɗaukar sifana sai ya kasa kunne.

Ga yadda ake sauraro. Idan ƙara tana tasowa ne kawai lokacin da aka taka kuloci, ta ɗauke in an saki, to boris ɗin da ke tura kuloci ne ya bushe. Idan kuwa giya tana furi, ƙara na tashi, amma da an taka kuloci sai ta yi shiru, to a nemi ciwon a boris ɗin bakin giya. Idan ƙara a giya ɗaya tak take, sauran lafiya lau, haƙoran wannan giyar ne suka ci. Idan a kowace giya ana jin gunji, yana ƙaruwa da gudun tarakta ba da totur ba, to baya za a duba, wajen kirawun da finiyan. In kuma sai an sha kwana ake jin ƙas-ƙas, ƙananan haƙoran difarenshiyal ne ke kawo ƙara. Wannan bincike ba ya cin ko kwabo, amma yana hana a raba tarakta biyu a banza.

Mu tsaya a kan kuloci, domin nan aka fi yin kuskure. Yawancin 135 da 165 kulocinsu hawa biyu ne. In ka taka rabi, tafiya ce ta tsaya. In ka danne har ƙasa, sannan sandar baya ta PTO, wadda ke juya injin casa ko famfon ruwa, ita ma ta tsaya tare da famfon ɗaga garma. Direba zai zo ya ce PTO ba ta shiga, tana ta gurzar haƙori, a ce masa sai an sauke giya. Sau da yawa kuwa saiti ne ya goce, feda ba ta kaiwa hawa na biyu. Ana gyara wannan daga waje da kuma ta ƙaramar ƙofar da ke ƙarƙashin gidan kuloci, ba tare da an raba tarakta ba.

Kuloci mai zamewa kuma, ga gwajinsa: a fili inda babu kowa a gaba, a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu, kuloci na da ƙarfi. Idan inji ya ci gaba da juyawa, wari na tashi, to yana zamewa. Amma kafin a yanke hukuncin sayen sabon faifai, a duba wasan feda. Dole ne feda ta yi ɗan wasa kafin ta fara tura kuloci. Yayin da faifai ke cinyewa, wannan wasan yana raguwa, in ya ƙare sai boris ya zauna a kan kuloci dare da rana, ya sa shi zamewa, shi ma ya ƙone. Juya noti ɗaya a kan lokaci yakan ceci faifai na shekaru.

Akwai wani ɗan rami a ƙarƙashin gidan kuloci, da 'yar ƙusa mai baki biyu tana lilo a ciki. Wasu suna ganin kamar kuskure ne, su toshe shi. Kada a toshe. An sa ƙusar ne don ta riƙa motsi tana hana datti rufe ramin, man da ya yoyo ya samu hanyar fita kafin ya jiƙa faifai. Kuma abin da ke ɗiga daga nan labari yake ba ka. Idan baƙin mai ne wuluk, sil ɗin bayan inji ne ya saki. Idan mai ne mai haske irin na giya, sil ɗin bakin giya ne. Duk wanda ya sa sabon faifai bai canja sil ɗin da ke yoyo ba, zai sake raba taraktar nan kafin kaka.

Sai tarakta da ta daɗe a ajiye, aka tayar da ita, aka taka kuloci, giya ta ƙi shiga. Galibi tsatsa ce ta manne faifai da ƙarfen bayan inji. Maganinsa rigakafi ne: in za a ajiye tarakta tsawon watanni, a danne feda a tokare ta da katako.

Mu shiga giya. Waɗannan tsofaffin Massey giya uku ce gaba, ɗaya baya, sai ƙaramar liba mai babba da ƙarama ta ninka su, su zama shida gaba, biyu baya. Na baya-bayan nan suna da takwas gaba. Ba a yi su don canja giya a guje ba. Ana tsayawa cak, a zaɓi giyar da aikin ke so, sannan a tashi. Direban da ya saba da mota, yake cusa giya tarakta na tafiya, shi ke fiƙe bakin haƙora, daga baya giya ta riƙa fita da kanta in an ɗora mata nauyi.

Wani ciwo da ke tsorata mutane shi ne liba ta riƙa lilo a hannu, tarakta ta maƙale a giya ɗaya, ko ta ƙi motsi gaba ɗaya. Mai ita ya ɗauka giya ta tarwatse. Sau tari ƙasan liba ne ya cinye, ya zame daga cikin ramin sandunan da ke tura giya. Makanike da ya san aikinsa zai kashe inji, ya buɗe murfin da ake zuba mai kusa da libar, ya haska tocila, ya sa doguwar sukudireba ya mayar da sandunan layi ɗaya. Daga nan sai a gyara ƙasan libar da 'yar ƙusar da ke riƙe ta, don kada abin ya dawo.

Ga kuma wanda ya fi kwantar da taraktoci a banza. Inji na aiki, garma na ɗagawa, PTO na juyawa, an sa giya an saki kuloci, amma tarakta ko gezau. Kafin a ce giya ta mutu, a tuna cewa tsakanin giya da finiyan akwai wani ɗan bututun ƙarfe mai haƙora a ciki, wanda ya haɗa sanduna biyu. Da gangan aka yi shi ya fi sauran rauni, domin in garma ta kama kututture ko dutse, shi ya karye, manyan haƙora masu tsada su tsira. Kuɗinsa kaɗan ne in an kwatanta da giya. Abin baƙin ciki, wasu sukan kai shi wurin mai walda a like shi ƙam. Ranar da garma ta sake kama dutse, kirawun ne zai biya bashin.

In taraktarka tana da 'yar libar nan ta Multi-Power a gaban direba, ka san halinta tun kafin ka zarge ta. Idan tana ƙasa, inji ba ya riƙe tarakta a gangara, sakinta yake ta tafi. Haka aka ƙera ta, ba lalacewa ba ce, don haka ba a gangarowa da tirela mai kaya sai an mayar da ita sama. Kuma irin wannan ba ta tashi da turi ko ja, komai yawan majiya ƙarfi.

Yanzu maganar mai, wadda a ganina ita ce uwar duk matsalolin. A waɗannan taraktoci, giya da aksul ɗin baya da famfon ɗaga garma duk mai ɗaya suke sha, kimanin lita 30 a cikin 135. Famfon yana can ƙasan ciki, inda duk wani datti da ruwa ke taruwa. Ta ina ruwa ke shiga? Ta robar da ke rufe gindin libar giya. Rana ta busar da ita, ta tsage, tarakta na kwana a waje, ruwan sama ya bi liba ya gangara ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka zaro ma'aunin mai ka duba: in ka ga man ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya gauraya da shi. Ruwan nan shi ke sa boris tsatsa, ya cinye famfo, garma ta riƙa ɗagawa tana rawa. Robar da ba ta kai kuɗin buhun taki ba ita ke jawo asarar giya sukutum.

Idan za a juye mai, a buɗe duk matosan da ke ƙasa, ba ɗaya kawai ba, kuma a dubi maganaɗisun da ke jikinsu. Garin ƙarfe mai laushi ba abin tsoro ba ne a tsohuwar tarakta. Amma in ka ga ɓarɓashi mai kaifi ko guntun haƙori, to a tsayar da aiki a bincika. Sannan kada a zuba man giya mai kaurin nan na manyan motoci, da sunan wai ya fi ƙarfi. Famfo ba ya iya jansa da safe, wasu irinsa kuma suna cin tagullar da ke ciki. A nemi man da aka yi don giya da famfon tarakta. Masu birki a cikin mai, irin su 375, sun fi kowa buƙatar a kiyaye wannan.

A can baya kuma, kirawun da finiyan tare ake ƙera su, tare ake goga su har su saba da juna, don haka tare ake canja su. Wanda ya haɗa sabon finiyan da tsohon kirawun ya sayi gunji, kuma ba za su daɗe ba. Ɗaura su ma sai da awo: a shafa ɗan launi a haƙora, a juya, a ga inda suke taɓa juna, a daidaita. Idan birkin gefe ɗaya na 135 ya daina kamawa, a leƙa bayan taya. In akwai jiƙar mai, sil ɗin aksul ne ya saki, mai ya shiga birki, kuma sabon birki ba zai yi amfani ba sai an toshe yoyon.

To, an gano ciwo. Saura nemo kaya, kuma nan ne nake cewa "babu kayanta" ba gaskiya ba ce ga yawancin taraktocinmu. Masana'antar Coventry ta daina ƙera tarakta a 2002, amma zuriyar ba ta ƙare ba. Kamfanin TAFE a Indiya yana ƙera Massey Ferguson tun farkon shekarun 1960. Kamfanin Millat a birnin Lahore na Pakistan yana ƙera 240 da 375 da 385. An ƙera irinsu a Turkiyya da Folan da tsohuwar Yugoslabiya. Lamba 240 jikar 135 ce, kayan cikinsu da yawa suna shiga juna. Fiat ma haka: Al-Ghazi a Pakistan yana ƙera 480 da 640, an kuma yi irinsu a Turkiyya da Romaniya. Ban da waɗannan, akwai kamfanoni irin su Sparex na Ingila da sana'arsu ke nan, ƙera sababbin kayan tsofaffin taraktoci. Faifan kuloci, boris, sil, famfo, kirawun da finiyan na 135, duk ana yin su sababbi har yau.

Abin da ke kayar da mu shi ne yadda muke zuwa kasuwa. Mutum ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ya ce a ba shi faifan kulocin Massey. Wace Massey? Ta wace shekara? Ƙirar wace ƙasa? Tarakta biyu masu lamba ɗaya a jiki suna iya bambanta a ciki, balle tarakta mai shekara 50 da ta ratsa hannun mutane da yawa, wataƙila giyar da ke cikinta ma ba tata ta asali ba ce. Saboda haka kafin ka bar gida, ka kwafi lambar da ke kan ɗan allon ƙarfen tarakta da lambar inji. Ka ɗauki tsohon kayan ka tafi da shi, kada ka jefar. Ka ƙirga haƙora da kanka: na tsakiyar faifan kuloci, wasu manya ne guda 10, wasu ƙanana ne masu yawa, finiyan na 135 haƙora 6 ne, kirawun 37, na 165 kuwa daban ne. Ka auna faɗin faifai. Boris da sil kuma yawanci suna da lamba a jikinsu, kuma ba Massey kaɗai ke amfani da su ba, mai sayar da boris na gari zai iya ba ka irinsu ko da bai taɓa ganin tarakta ba. Yau da waya a hannun kowa, hoton lamba ɗaya zai iya isa Legas ko Nnewi cikin minti guda. Matambayi ba ya ɓata.

A kula da noti da ƙusoshi. Tsofaffin Massey na Ingila da awon inci aka yi su, ba milimita ba. Yaron gareji ya ɗauko ƙusar da ta yi kama, ya matsa da ƙarfi, ya cinye tiredin gidan giya. Ƙaramar ɓarna ce a ido, amma gyaranta ya fi sayen ƙusar daidai wahala nesa ba kusa ba.

A kula da jabu. Araha ba ta ado. Kwali mai kyau ba shaida ba ne. Raba tarakta biyu aiki ne na yini guda ko fiye, ga kuɗin makanike, ga ranakun aiki da aka rasa a tsakiyar damina. Wanda ya sa boris na banza don ya rage 'yan kuɗi, zai biya kuɗin aikin sau biyu. In an riga an buɗe, a canja faifai da boris da sil gaba ɗaya. Kayan gwanjo na asali da bai ci sosai ba sau da yawa ya fi sabon jabu, muddin an duba haƙoransa da kyau a cikin haske.

Masu injin sassaƙa ƙarfe na garuruwanmu suna da rawar takawa, kuma sun cancanci yabo. Suna iya yin bushi, da fil, da wosha, su cike sandar da ta cinye su mayar da ita awonta. Amma aikinsu na da iyaka. Haƙorin giya ana gasa bayansa ne ya yi tauri, cikinsa ya zauna da sauƙi don kada ya tsage. Haƙorin da aka cike da walda aka goge da dutse ba shi da wannan taurin. Zai ɗan yi aiki, sannan ya ɓalle, gutsuren ya shiga tsakanin sauran haƙora ya tafi da su.

Ban ce babu kayan da suka yi wuya da gaske ba. Akwai su. Steyr, alal misali, ba ta bazu a duniya kamar Massey da Fiat ba, kuma tun 1996 kamfanin Case ya sayi sashen taraktocinta. Haƙoran giyar tsohuwar Steyr, ko gidan giya da ya tsage, ko sandar aksul ta wata tarakta da aka shigo da 'yan kaɗan, waɗannan ba kowane shago ke da su ba. Inda suke shi ne cikin 'yan uwansu da ke kwance. Kuma nan ne muke tafka babbar asara. Kullum ana yanka tsofaffin taraktoci da wuta, a ɗora a sikeli, a sayar wa 'yan gwangwan da kilo, a kai a narke. Taraktar da injinta ya mutu, giyarta na iya zama lafiya lau. Wadda giyarta ta fashe, aksul ɗinta na iya tayar da wata. Taraktoci uku da ke kwance suna iya ba da biyu masu aiki. Duk wadda aka narke, an narke kayan da ba za a sake ƙera irinsu ba.

Kafin in rufe, kalma biyu ga direbobi, domin rai ya fi tarakta. Ka ɗauke ƙafarka daga kan kuloci in kana tafiya. In taya ɗaya ta kafe tana juyawa, kada ka yi ta ba ta wuta, kuma kada ka taka makullin difarenshiyal tana cikin gudu; ka taka kuloci tukuna, ka kuma sake shi kafin ka sha kwana. Kada ka ɗaura sarƙar ja a sama da aksul, tarakta tana iya miƙewa ta kifo da kai cikin ƙiftawar ido. A ƙasa ake ɗaurawa, a sandar ja. Kada kowa ya matsa kusa da PTO tana juyawa da babbar riga ko rawani ko gyale. Makanikai kuma, in za ku raba tarakta, ku sa wa tayoyi waigi, ku cusa katako a gefe biyu na aksul ɗin gaba don kada inji ya kife, ku tallafe kowane rabi da abu mai ƙarfi. Bulo da jak kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Kirana na farko ga hukumomi ne. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su ƙirga taraktocin da ke kwance a harabarsu, a rubuta irin kowace da abin da ya same ta. Kafin a yi gwanjonsu a matsayin tarkacen ƙarfe, a fara ba makanikai da ƙungiyoyin manoma damar saye. Sayo sababbi abu ne mai kyau, amma duk yarjejeniyar sayen tarakta da babu kayan gyara da horar da makanikai a cikinta, sabon tarkace ake tarawa.

Kira na biyu ga masana: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa da ke Ilori, da kwalejojin fasaha. Littattafan gyaran waɗannan taraktoci suna nan, da zane da lambar kowane ƙarfe da awon kowane saiti. A mayar da muhimman sassansu Hausa, a buga da araha, a kai gareji. A kuma nemi tsofaffin makanikan da suka yi aiki a hukumomin gona da masana'antun Bauci da Kano, a zaunar da su tare da matasa tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kira na uku ga ƙungiyoyin masu tarakta da makanikai. Ku buɗe rajista a tsakaninku, a san wa ke da mataccen inji, wa ke da giya a ajiye, wa ke neman me. Zauren WhatsApp guda ɗaya mai tsari zai iya yin wannan aiki a jiha sukutum.

Kai kuma mai tarakta, ka sayi ɗan littafi ka ajiye mata. Ka rubuta lambobinta, da ranar da aka canja mai, da abin da aka sa mata da inda aka samo shi. Ka yi mata rumfa. Ka duba robar liba, da wasan feda, da launin mai tun da rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In makanike ya ce a sauke giya, ka tambaye shi abin da ya ji da abin da ya gani. Na ƙwarai ba zai ji haushin tambayar ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare direbobinmu da makanikanmu, Ya sa albarka a guminsu.